Tsoho, Gita da Sakan 40

Akwai tambayar da masu son kiɗa ba sa so su yi wa kansu. In makaɗin da kake ƙauna ya tsufa, hannunsa ya yi nauyi, ya fara kuskure a gaban jama'a, me ya kamata? Ya rataye kayan kiɗansa ya koma gida da mutuncinsa, ko ya ci gaba har ranar da Allah ya karɓi abinsa? Wannan tambaya ce ta raba fadarmu gida biyu a hutun da ya wuce. Mu kusan goma ne, ɗalibai duka, wasu ƴan nan Ƙonni, wasu daga Malbaza, biyu kuma daga Illela, Illelarmu ta Nijar, ba ta Najeriya da ke bayan iyaka ba. Mun saba gardama kan ƙwallo da kokowa, a yi ta a watse kafin shayi na uku. Wannan kuwa sai da ta ci mako biyu, har wasu suka daina gaisawa da kyau.

Makaɗin da muka yi gardamar a kansa ba zan faɗi sunansa ba. Yana raye, yana da ƴaƴa da jikoki, kuma wanda ya san shi ya riga ya gane. Mu dai Tsoho muke ce masa. Ya fara riƙe gita tun zamanin Seyni Kunce, lokacin Samariya, lokacin da kowace jiha ke shirya ƴan kiɗanta da ƴan wasanta don bikin matasa na ƙasa. A farkon shekarun 1990, da kasetocin Abdallah Umbadugu suka riƙa gangarowa daga arewa a ɓoye, domin an hana su lokacin tawaye, Tsoho ya saurara ya ɗauki salon Abzinawa. Bai tsaya nan ba, ya gauraya shi da kiɗan goge da na gurmi da ya tashi yana ji a ƙasar Adar. Bayan sulhun 24 ga Afrilu 1995, da gita ta fito fili, shi ake kira bikin aure daga Tsarnawa har Badagishiri.

Ni ta wajen babana na san shi. Babana yaron mota ne a da, suna lodin albasa a Galmi su kai Abijan. Yana da kaset guda na Tsoho, wanda wani ya ɗauka da rediyo a wajen wani biki, har ana jin guɗar mata da kukan jariri a ciki. Da rediyon kaset ya mutu, wani kawuna ya sa aka juye shi a kart memwar. A cikin waƙa ta uku akwai wani wuri da murya ke yin shiru, gita ta hau sama da gudu kamar an saki ɗan maraƙi, ta yi juyi biyu, ta sauko daidai kan ganga. Duk sanda aka zo wurin nan babana yakan ɗaga hannu, kowa a gida ya yi tsit. Da wannan na girma.

To, a hutun nan aka ɗaura auren wani yayanmu na unguwa, uban ango ya ce Tsoho yake so. Aka yi hayar baful biyu da ampili, aka tayar da injin kuran, aka kawo masa kujerar roba ya zauna. Waƙa ta farko da ta biyu lafiya lau, a hankali dai, amma babu abin da ya ɓaci. Da ya ɗauko waƙar nan da kowa ke jira, manya suka miƙe. Murya ta yi shiru, gita ta fara hawa, sai yatsun suka kasa kaiwa. Ya tsaya, ya yi murmushi, ya sake ɗaukowa. Suka sake kasawa, kuma tsirkiya guda ta saki, sauti ya karkace. Mai ganga ya rasa inda zai shiga. Wasu yara suka fashe da dariya, wasu manya suka ƙara ƙarfin tafi don su rufe. Tsoho ya wuce wurin ya ƙarasa waƙarsa, ya yi wasu huɗu bayanta. Duka ya kai awa ɗaya da rabi yana kiɗa. Da gari ya waye, abin da ke yawo a WhatsApp bidiyo ne na sakan 40, daga inda ya fara hawa zuwa inda aka yi dariya.

Abokinmu ɗan Malbaza shi ya fara. Babansa ya yi shekaru yana aiki a masana'antar siminti, shi ma yana da maganar injiniyoyi a baki. Ya ce, "Ku ji, ni don ina son shi nike hwaɗin haka. Shi huta. Inji ma in ya tsuhwa ba a tilasta mai. Yanzu yaran da ba su san shi ba, wanga bidiyo ɗai za su sani. Ya ɓata aikin shekara arba'in cikin dare guda."

Ɗan Illela ya ajiye kofinsa. "Kai wa na da za ka hana mutum sana'atai? Hannunai na, gitatai ta. Uban ango ya kirai, ya zo. Ko tsirkiya guda ta rage mai, ni zan tsaya in saurara. Wanda bai so shi tahi gida."

Mai dafa mana shayi, wanda ba ya rasa kallon gasar Takobi, ya kawo misalin kokowa. Ya ce tun da aka fara gasar ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, ba a taɓa yin gwanin da ya dawwama a fili ba. Kowane ɗan kokowa yana da ranar da zai kwance layunsa ya koma cikin ƴan kallo ko masu horarwa, kuma wanda ya ƙi, yaro zai kai shi ƙasa a gaban matarsa. Don me makaɗi zai fi ƙarfin wannan doka?

Na daɗe ina juya misalin nan, domin da jinsa ka ce ya rufe magana. Amma a kokowa ƙasa ce alƙali. Gwiwa ta taɓa, an gama, babu mai gardama. A kiɗa babu abokin karawa da zai kayar da kai. Wanda muke haɗa Tsoho da shi a zuciyarmu, shi ne dai Tsohon, yana ɗan shekara 30, cikin kaset ɗin da ba ya tsufa, ba ya ciwon baya, ba ya kwana da yunwa. Wa zai ci wannan kokowa? Shi ya sa waɗanda suka mutu da ƙuruciya suke da sauƙin ƙauna. Jimi Hendrix ya rasu a Landan a 1970 yana da shekara 27, ba wanda ya taɓa ganin hannunsa yana rawa. Kudede, makaɗin nan na Abzin, hatsarin mota ya ɗauke shi a 2012 yana kan ganiyarsa. Su ba su da bidiyon sakan 40. Wanda Allah ya ba tsawon rai shi ke biyan kuɗin tsawon ran a gaban jama'a.

Ya kamata kuma mu san abin da ke faruwa a jikin mai gita kafin mu yi masa hukunci. Hannun da ke danna tsirkiya aikin ƙananan gaɓoɓi yake yi, su ne kuma sanyin ƙashi ke fara kamawa. Salon Abzinawa ya dogara da buga tsirkiya da fizge ta da yatsun hannun da ke kan wuyan gita, sau da yawa cikin ƙiftawar ido, saboda haka ɗan jinkiri kaɗan sai a ji shi. Ga kunne. Mutumin da ya yi shekaru yana tsaye gab da baful, siraran sautuka ne ke fara ɓace masa, su ne kuwa yake bukata don ya gane tsirkiya ta saki. Wannan bai bar Turawa masu likitoci ba. Eric Clapton na Ingila ya faɗa da bakinsa a 2016 cewa ciwon jijiyoyi ya sa kaɗa gita ya zame masa wahala. Balle Tsoho, da tsirkiyoyinsa suka yi tsatsa, ga ampilin haya mai tsuwa, ga inji yana ruri a bayansa, ba shi da ko ƙaramin baful da zai juyo masa da sautin kansa.

Ga wani abu da ba mu lura da shi ba sai daga baya: ba Tsoho kaɗai ya rage gudu ba, kiɗan ne ma ya ƙara gudu. Kunnenmu ya saba da Mdou Moctar, ɗan jiharmu ta Tawa daga Cintabaraden, bahagon nan da ya haɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke, yanzu kuma yake cika manyan zauruka a Amurka da Turai. Ya saba da gitar bukukuwan Agadas ta yau, mai ganguna irin na Turawa da ke kora kiɗa kamar ana tsere. In ka saurari kaset ɗin babana da kunnen yau, za ka ji ko a lokacin ƙuruciyarsa Tsoho bai taɓa gudu irin wannan ba. Abin da ya sa manya ke ɗaga hannu, inda yake ajiye sauti ne da inda yake yin shiru. Mu yara da sauri muke auna gwaninta.

Gardamar ta canza hanya ne ranar da wata ƴar ajinmu, wadda ba ta zama fada amma tana cikin gurup ɗinmu na WhatsApp, ta aiko da saƙon murya. Ta ce, "Na ji ku duka. Tambaya guda gare ni. Cikinku wa ya taɓa ba shi ko dala? Masu cewa shi huta, da mi za shi ci in ya huta? Masu cewa a bar shi, mi kunka yi mai ban da tahi?" Ba wanda ya amsa har dare.

Gaskiyarta. Irin wannan gardama ana yin ta a ko'ina, amma ba da nauyi ɗaya ba. A watan Afrilu na 2014 B.B. King, sarkin gitar bulus na Amurka, ya yi wasa a birnin St. Louis yana da shekara 88. Wasan bai yi kyau ba, ya yi ta surutu, kiɗa kaɗan, wasu suka yi ihu, wasu suka fice. Jaridu suka ɗauka, har mutanensa suka fito suka ba da haƙuri, suka ce ciwon sukari ne da gajiyar tafiya. Masoyansa suka rabu biyu kamar yadda muka rabu. Ya rasu a watan Mayu na 2015. Amma B.B. King da ya so ya zauna gida, da ya zauna, kuɗin fayafayansa na shigowa yana barci. In an ce masa huta, shawara aka ba shi. In an ce wa Tsoho huta, an ce masa ya daina cefane.

Mu tuna yadda kiɗa ke tafiya a ƙasarmu. Mdou Moctar kansa a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, nan kusa da mu, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba. Waƙoƙin suka bazu cikin Sahel daga salula zuwa salula, ta Bluetooth da kart memwar, kafin wani kamfani a waje ya san da shi. Wannan hanya ta sa sunansa ya yi nisa, amma hanya ce da ba ta mayar da ko tamma ga mai waƙa. Muna da ofishin kare haƙƙin mawaƙa da marubuta, BNDA, sai dai babu ofishin da zai iya ƙirga waƙar da aka tura tsakanin waya biyu a tashar mota. Mai shagon caji yana karɓar dala ashirin ya cika maka kart da waƙoƙi, har da na Tsoho. Shi Tsoho ba shi da albashi, ba shi da fansho. Abin da aka liƙa masa a goshi daren biki, da abin da uban ango ya damƙa masa, shi ne gero, shi ne magani. Shekara da shekaru muna jin kiɗansa kyauta, yau kuma mu ne masu cewa ya kiyaye mutuncinsa.

Duk da haka ban bi ɗan Illela har ƙarshe ba. Tafin da manya suka yi don su rufe kuskure, tausayi ne, kuma makaɗi ya san bambancin tafin tausayi da na jin daɗi, ko da kunnensa ya yi nauyi. Amarya da ƙawayenta ma suna da haƙƙi, dare guda ne gare su, rawa suka zo yi. In muka ce duk abin da tsoho ya kaɗa daidai ne, mun daina saurarensa ke nan, mun mayar da shi hoton bango. Wannan ma raini ne, ya dai sa babbar riga.

Abin da na gani shi ne, iyayenmu sun riga sun warware wannan matsala, mu ne muka ɗauko gita muka bar maganin a baya. Dubi makaɗan gargajiya. Musa Ɗankwairo, wanda ya rasu a 1991, ba shi kaɗai yake tsayawa ba. Yana da ƴan amshi, cikinsu har da ƴaƴansa, su suka ci gaba da kiɗan bayansa. Mamman Shata ya yi waƙa har kusa da rasuwarsa a 1999, da masu kalangu da ƴan amshi kewaye da shi. In numfashin jagora ya gaza, amshi ya ɗauka, ya huta ya dawo, ba wanda ya ga tsiraicinsa. Ƙungiya ce ke tsufa da mutum, tana riƙe shi, yara kuma suna koyo a gefensa har ranar da za su gaje shi. Ko B.B. King a zaune yake wasa a shekarunsa na ƙarshe, da cikakkiyar ƙungiya a bayansa. Tsoho kuwa, daren nan, daga shi sai mai ganga guda da aka haɗa su da yamma. Da akwai yaro mai gita ta biyu a gefensa, wanda ya san wurin hawan nan, da Tsoho ya kalle shi ya gyaɗa kai, yaron ya hau, manya su ɗaga hannu, a yi guɗa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle hannun da ya gaji. Tambayar da ta dace da mu ita ce, ina yaron? Don me cikin dukan samarin Ƙonni da Malbaza da Illela masu rataye da gita ba a sami guda da ya je ya zauna gabansa ba?

Malam Mamman Barka ya nuna mana yadda ake yi. Ya riga ya yi suna da gurmi, babu gidan da ba a san muryarsa ba a Nijar. Amma a 2002, da tallafin UNESCO, ya tashi ya tafi bakin tafkin Cadi wajen wani dattijo, Bukar Tar, wanda shi ne ya rage cikin gwanayen biram, kayan kiɗan nan mai tsirkiya biyar na masuntan Buduma. Ya zauna gabansa kamar almajiri, ya koyi kiɗan da waƙoƙinsa. Dattijon ya rasu, biram bai bi shi kabari ba, Mamman Barka ya kai shi har Turai kafin shi ma ya rasu a watan Nuwamba na 2018. Da ya tsaya yana auna ko hannun dattijon na da saurin da, da yau biram sai a gidan tarihi.

Mako guda kafin a koma lakwal, mu uku muka je gidan Tsoho, ni da ɗan Illela da wani ƙanenmu mai koyon gita. Muka haɗa kuɗi muka sayi shayi da sukari, muka ba wani direba saƙon tsirkiyoyi sababbi daga Sakkwato. Muka same shi a zaure. Bayan gaisuwa ɗan Illela ya fara kame-kame, Tsoho ya katse shi. "Na gani, ɗiyana. Jikana ya gwada mani." Ya yi dariya. "Da sun bari na yi na ukku, da na same shi."

Ya aika aka ɗauko wata gita marar kuran, ya ɗaura tsirkiyoyin da kansa, ya sassauta mai kaurin ta sauka ƙasa da yadda ake ɗaure ta a littafi. Ya ce haka yake yi don ta riƙa amsawa kamar gurmi. Muka nemi izini muka ajiye salula a kan tabarma. Ya kaɗa wurin hawan nan a hankali, rabin gudunsa na kaset, sauti bayan sauti, ko guda bai faɗi ba. Ya ce asalinsa kiɗan goge ne da ya ji wajen wani makaɗi a ƙauyensu yana yaro, shi dai ya mayar da shi kan gita. Ya kama yatsun ƙanenmu ya jera su a wuyan gita. Yaron ya yi sau goma yana faɗuwa daidai inda Tsoho ya faɗi daren biki. "Ka gani?" in ji Tsoho. "Wurin na da wuya tun asali. Hannu na ya gaji, kai bai mance ba." Muka tashi da awa biyu a cikin waya. Muka ba shi abin da ya rage a aljihunmu, ya karɓa bai yi fulako ba, ya ce yaron ya dawo ran Juma'a bayan la'asar.

Ɗan Malbaza ya saurari abin da muka ɗauko, ya yi shiru, ya ce har yanzu bai yarda a sake ɗora shi gaban baful shi kaɗai ba. A nan kam na yarda da shi. Ɗan Illela ya ce duk bikin da aka kira Tsoho zai je. Shi ma ban hana shi ba.

Ƴan'uwa ɗalibai, wannan ɗan littafi zai kai Dogarawa, zai kai Gidan Idar, zai kai Tajaye da Bagarwa. A kowane gari akwai irin Tsoho, ko da gita, ko da goge, ko da gurmi, ko tsohuwa mai waƙoƙin daka da babu wanda ya rubuta. Wayar da ke aljihunka, wadda ta iya ɗaukar sakan 40, tana iya ɗaukar awa biyu. Ka je da rana, ba cikin hayaniyar biki ba. Ka yi sallama, ka nemi izini, kada ka je hannu biyu. Ka tambaye shi wajen wa ya koya, a wane gari, a zamanin wa. Ka rubuta sunansa da ranar a kan abin da ka ɗauka, ka bar wa iyalinsa kwafi. In kana da ƙane mai son kiɗa, ka tafi da shi.